Hoton Wa Zai Hau Sama?

Ban taɓa mantawa da ranar kasuwar Lolo ɗin nan ba, ranar da dattawan ƙungiyarmu suka tsaya cirko-cirko cikin rana, kowa ya zuba wa waya ɗaya ido ana jiran hoto ya sauya. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kun tarar da shafin ƙungiya yana tafiya lami lafiya, kuna tsammanin haka ya faɗo daga sama. To, ku gyara zama in ba ku labarin yadda aka zaɓe shi, don saura ƙiris zaɓen nan ya raba mana ƙungiya gida biyu.

Sunana Attahiru. A lokacin ni ne jami'in sadarwa na ƙungiyar manoman shinkafa da masu sana'ar kifi ta yankinmu, mai ofis a Bagudo. Sunan muƙamin ya fi aikin kwarjini. Ni ne mai gyaran firinta, ni ne mai tura saƙo, ni ne mai nemo wa dattawa lambar sirrin da suka manta, har rediyo an taɓa kawo mini in duba. A samana akwai sakatare, Malam Shehu, sama da shi mataimakin shugaba, sannan Ciyaman. Tebur ɗaya muke da Madam Comfort, mai buga mana takardu. 'Yar kudu ce, amma ta daɗe a Bagudo har Hausarta ta fi ta wasunmu gishiri.

A shekarar, bayan an kammala girbin shinkafar rani, kwamiti ya yanke shawara a buɗe wa ƙungiya shafin intanet. Dalilin a fili yake. Sanarwarmu a bakin 'yan kabu-kabu take tafiya, kuma kafin ta isa inda za ta ta canja kama. A ce za a raba iri, ta isa Kaoje a matsayin taki, mutane su zo da buhuna su koma suna zaginmu. Masu sayen shinkafa daga nesa kuma kullum tambayarsu ɗaya ce, ina za su ga labarinmu ba sai sun buga waya ba.

Ga wanda ba aikinsa ba ne, bari in yi bayani. Shafin intanet fuska biyu gare shi. Akwai wadda jama'a ke gani, akwai kuma ta baya, inda ma'aikaci ke shiga da lambar sirri ya rubuta sanarwa, ya ɗora hoto, ya danna ta fita duniya. Wannan ta bayan ita ce tsarin sarrafa shafi, mu a bakin aiki mukan ce si-em-es. Shi ake fara zaɓa, don duk abin da za a gina a kansa zai zauna. Akwai manya masu iya komai, su yi kanti, su yi bidiyo, su yi hira. Irin waɗannan suna tafiya da rumbun bayanai na daban da tarin ƙananan manhajoji da ake liƙa musu, kowace tana son a riƙa sabunta ta, in ka yi sake ɗaya ta yi faɗa da 'yar'uwarta shafi ya mutu. Akwai kuma ƙanana marasa nauyi, waɗanda kowace sanarwa fayil guda ne na rubutu, ba rumbu ba hayaniya. Tirela ta fi babur ɗaukar kaya, wannan ba gardama, sai dai ba ta shiga hanyar fadama.

Ni tun farko zuciyata na kan ƙaramin. Na gwada wasu 'yan kaɗan, na tsayar da wanda Madam Comfort ta iya sa sanarwa a cikinsa daga wayarta ba tare da ta kira ni ba. Wannan shi ne babban ma'aunina, don ni ma ina son in riƙa zuwa biki. Sai kuma maganar sabis. Wanda bai zauna bakin iyaka ba ba zai gane ba. A wajen Lolo kana tsaye wayarka za ta tsallaka Benin ba sallama, sai dai ka ga saƙo da Faransanci ana yi maka maraba. Membobinmu kuwa yawancinsu ƙananan wayoyi gare su, data kuma ta ɗanɗano suke saye.

Amma akwai wani nauyi da ban sa a sikeli ba, kuma shi ne ainihin labarin. Ciyaman ɗinmu, Alhaji Bawa, mutumin Bagudo ne. Mataimakinsa, Alhaji Jibo, Badenden Kaoje ne, wato ɗan ƙabilar Dendi, kuma su biyun suka yi takarar kujerar, aka kada Alhaji Jibo da ƙyar. Suna gaisawa, suna cin abinci kwano ɗaya, amma kowa ya san ta ciki na ciki. Shekarar da ta gabata mun buga kalanda, mai bugawa ya sa hoton Alhaji Jibo ƙarami a ƙarƙashin na Ciyaman, daidai da na ma'aji. Mutanen Kaoje suka ƙi rataya ta. Alhaji Jibo ya faɗa a gaban kwamiti cewa in aka sake mai da shi baya a idon jama'a, zai janye reshen Kaoje su kafa tasu. Kaoje kuwa ita ke da fadama, ita ke da mafi yawan shinkafar da muke taƙama da ita. In suka fita, abin da zai rage mana allon ƙofa ne da firinta.

Ƙa'idar kwamiti ita ce duk aikin da za a yi sai an kawo samfuri biyu an gani kafin a zaɓa. Nawa ɗaya. Ɗayan na wani matashi ne daga Birnin Kebbi, Injiniya Murtala, mai sana'ar gina shafuka, yaro mai fara'a da ladabi. Shi aka fara ba dama. Ya haska nasa a bango, a kan babban tsarin nan da kowa ya sani ya gina shi, kuma gaskiya ya yi kyau. A saman shafin ya sa hotunan 'yan kwamiti manya-manya masu sauyawa da kansu. Ciyaman ya fito ya cika bango, ya ɗan tsaya, ya zame gefe, sai ga Alhaji Jibo shi ma ya cika bango.

"Tsaya, tsaya!" in ji Alhaji Jibo. "Maido wancan. Ni na?"

"Kai ne, ranka ya daɗe."

"Kuma ba kowa bisa kaina?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Kowa in lokacinsa ya zo shi kaɗai ne a sama."

Ciyaman ya gyara babbar riga ya ce, "To madalla. Wanga ya yi. Kowa da lokacinai, ba a tauye kowa ba." Ma'aji ma da ya ga kansa ya cika bango har da tafi.

Sai aka ce in nuna nawa. Na haska. Farin shafi ne, sunan ƙungiya a sama, hoto ɗaya ɗan madaidaici, sai sanarwa a jere, sabuwa a kan tsohuwa.

"Ina hotunanmu?" in ji Ciyaman.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wurin hoto ɗaya ne a sama, shi ne na sa buhun shinkafa."

"Buhu? Buhu ka aza bisa dattawa?"

Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙurin gardama ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, manomi ba fuskarku zai shiga nema ba, ranar rabon iri zai shiga nema. Wancan kuma kyansa a nan ɗakin ne, in aka kai shi bakin gulbi ba zai buɗe ba."

Malam Shehu ya taka mini ƙafa ta ƙarƙashin tebur har sai da na ji a ƙwaƙwalwata. Har gobe ina kan bakana cewa gaskiya na faɗa, sai dai ban sa mata sukari ba. Shi Malam Shehu tsohon malamin makaranta ne, ya san yadda ake kashe wuta tun tana hayaƙi. Ya ce gani ya kori ji, a ɗora samfurin biyu a intanet, a je Lolo ranar kasuwa a buɗe su da wayar memba, ba ta ofis ba. Wanda ya yi, shi ke nan. Kowa ya yarda, don Lolo ba ta Ciyaman ba ce, ba ta Alhaji Jibo ba ce, kuma ranar kasuwa mutanen kowa na nan.

Bayan an tashi na ja Injiniya Murtala muka je cin soyayyen kifi. Na ce masa, tsakani da Allah, bai san abin nan ya yi nauyi ba? Ya yi dariya ya ce ya sani sarai, amma tun kafin ya fara aikin aka ba shi labarin kalanda. Ya ce, "Malam Attahiru, kai sabis kake tsoro, ni dattawan nan nake tsoro. Ka nuna mini wata hanyar da mutum biyu za su zauna a sama lokaci ɗaya." Na ce masa dai Lolo ce za ta raba gardama.

Damina ta yi nisa ranar da muka tafi. Mu 'yan Bagudo muka cika mota ɗaya, da Ciyaman da Malam Shehu da ma'aji da Injiniya da Madam Comfort da ni. Alhaji Jibo ya riga mu isa daga Kaoje. Abin da ba mu sani ba shi ne ya baza labari cewa yau za a nuna shi a intanet, shi kaɗai a sama. Muka tarar da shi a wata rumfa kusa da masu busasshen kifi, ya sha farar shadda, mutanensa sun kewaye shi, ana ta raha da Dendanci.

Aka karɓi wayar wani manomi daga Kaoje, 'yar ƙarama mai tsagaggiyar fuska. Injiniya ya sa adireshin nasa samfurin ya miƙa wa Alhaji Jibo. Kowa ya miƙo wuya.

Da farko fari fat. Sai 'yar da'irar nan ta kama juyi. Can sai wani abu ya fara saukowa daga sama a hankali, layi bayan layi. Hula ce. Hular Ciyaman ce, kuma ba wanda bai san ta ba, don dara ce ja wadda ba ya rabuwa da ita. Ta sauko, goshi ya biyo, aka zo daidai gira, sai abin ya tsaya cak.

"A ɗan jira," in ji Injiniya.

Aka jira. Wani ya ce a ɗaga wayar sama, aka ɗaga. Wani ya ce a juya wa Benin baya, aka juya. Aka fito daga rumfa aka hau wani ɗan tudu, dattawa na riƙe da bakin riga, jama'a na biye. Ana cikin haka wayar ta yi ƙara, kowa ya ce ga shi nan, ashe saƙon maraba ne da Faransanci. Injiniya ya mai da ita kan layinmu ya sake buɗewa daga farko. Matsalar ita ce hotunan a jere suke, na Ciyaman ne na farko, kuma sai ya gama sauka kaf sannan na biyu zai samu hanya. Don haka duk sake buɗewar da aka yi, jar dara ce ke sake saukowa ta tsaya a gira.

Na ji an fara ƙunshe dariya a baya. Wata dattijuwa mai kifi, wadda da alama abokiyar wasan Alhaji Jibo ce, ta leƙo ta ce, "Alhaji, ko kai ma kana nan ƙarƙashin hular?" Wurin ya kece da dariya gaba ɗaya.

Alhaji Jibo bai yi dariya ba. Ya sauke wayar ya dubi Ciyaman ya ce, "Wanga abu shirya shi anka yi. Can ofis, gaban kwamiti, anka gwada mani ni bisa. Nan gaban mutanena, hular Bawa."

Tunda nake ban taɓa jin ya kira shi Bawa gatsau ba sai ranar. Ciyaman ya shiga rantsuwa bai san komai ba, kuma gaskiyarsa ce. Injiniya gumi ya jiƙa masa riga, yana bayanin girman hoto da raunin sabis, ba mai sauraro. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Malam Shehu ya yi mini ido. Na karɓi wayar na sa adireshin nawa, kafin in miƙa ta har ya buɗe. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya fasu. Na miƙa wa Alhaji Jibo ina jiran yabo. Ya duba sanarwar gwaji da na sa, ta ranar taro, ya ɗago.

"Wa yac ce?"

Na ce, "Ƙungiya ce ta ce, Baba."

"Ƙungiya na da baki? Wanga takardar tsintuwa ta. Magana ba mai ita, wa za shi kama ta?" Ya mai da wa manomin wayarsa ya juya ga sakatare. "Shehu, ka rubuta. Mu mutanen Kaoje mun gode. Daga yau kowa shi san inda dare yay yi mai."

Ya kaɗa riga ya nufi inda ya ajiye babur, mutanensa suka bi shi. Na ci jarrabawa, amma ga shi ana shirin rufe makarantar. Na dubi Ciyaman na ga ya bi su da kallo, don ya fi kowa sanin abin da fitar Kaoje ke nufi.

Daidai nan mai shelar kasuwa ya ratso da lasifikarsa a kafaɗa. Ya ce, "Jama'a, Sarkin Kasuwa na gaishe ku! Yac ce a hwaɗa muku, duk mai babur bakin layin albasa shi zo shi janye!" Ya ƙara gaba kaɗan ya sake ɗaga murya, wannan karon da sunan Sarkin Fawa da tasa maganar. Na ga mutane suna tsayawa su ji sunan tukuna, sannan su ji saƙon. Tun ina yaro nake jin shela haka, ban taɓa jin wadda aka fara ba da sunan mai ita ba. Kuma ban taɓa jin Sarkin Kasuwa ya yi fushi don an ambaci Sarkin Fawa bayansa ba, tunda kowa da maganarsa aka kira shi.

Madam Comfort ta taɓa ni ta ce, "Attahiru, wurin nan na sunan mai magana da ka rufe, yana nan?"

Yana nan. Kusan kowane tsarin sarrafa shafi, komai ƙanƙantarsa, yana da gurbin sunan marubuci da ɗan hotonsa a kan kowace sanarwa. Ni na ɓoye shi ne don na ga kullum sunan Comfort ne zai riƙa fitowa, tunda ita ke bugawa. Buɗe shi aikin danna abu ɗaya ne. Na danna, na kwasa da gudu cikin taɓon kasuwa, Madam Comfort na biye da ni riƙe da takalmanta a hannu.

Muka cim ma Alhaji Jibo har ya hau babur. Na riƙe kan babur ɗin na ce, "Baba Alhaji, don girman Allah, mene ne labarin Kaoje yau?"

"Mi ar ruwanka da labarin Kaoje?"

"Ko ɗaya ne, Baba. Abin da kake son mutanenka su sani yau."

Ya harare ni. Amma Alhaji Jibo manomi ne kafin ya zama mataimakin kowa, kuma abin na cin sa tun safe. Ya ce gulbi ya fara cikowa tun shekaranjiya, ya ga alama a gindin giginyar mashaya, duk mai injin ban-ruwa a bakin gaɓa ya kamata ya janye shi kafin ruwa ya cinye. Ya ce ya faɗa wa na kusa, na nesa ne bai san yadda zai yi da su ba.

Madam Comfort tana tsaye cikin taɓo ta buga maganar a wayarta. Sannan ta ɗaga wayar ta ce, "Baba, dube ni. A'a, saki fuska mana, ba fasfo za mu yi ba." Ya ƙi saki. Ta ɗauka haka nan, muka rage hoton ya dawo kamar kan sarki, ta danna.

Na kira manomin nan mai tsagaggiyar waya na ce ya sake buɗewa. Nan take ya buɗe. A can sama, kafin komai, ga fuskar Alhaji Jibo a murtuke, ga rubutu a gefenta. Manomin ya karanta da ƙarfi: "Alhaji Jibo na Kaoje yana gaishe ku. Ya ce gulbi ya fara cikowa, duk mai inji a bakin gaɓa ya janye." Wani daga cikin taron ya yi salati ya ce nasa injin na can, ya bar cinikin da yake yi ya nufi tasha. Wasu suka ciro wayoyinsu suna tambayar adireshin, kuma duk wanda ya sa sai ya buɗe.

Alhaji Jibo ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo. Sannan ya kashe babur.

Kafin nan Ciyaman da sauran sun iso. Ya leƙa ya ga abokin hamayyarsa a sama, ya ce, "To, ni hwa?"

Wannan karon na tauna maganata kafin in fitar. Na ce, "Ranka ya daɗe, tsarin ba ya duba muƙami, sabuwar magana yake dubawa. Wanda ya kawo sanarwa ta ƙarshe shi ne a sama da sunansa da hotonsa, har wani ya kawo wata. In ka ba mu taka yanzu, kai za ka hau."

Ciyaman ya shiga lissafi. Na ga lokacin da ya tuna cewa tsakanin gidansa da ofis tsallaken titi ne kawai. Ya ce, "To, ba laihi. Na yarda."

Alhaji Jibo ya ce, "Ni ma na yarda. Kai kana da ofis, ni ina da gulbi. Gulbi ba ya rasa labari."

A nan tsaye, tsakanin masu kifi da masu albasa, Malam Shehu ya rubuta cewa kwamiti ya zaɓi ƙaramin tsari. Injiniya Murtala shi ya fi kowa dariya a hanyar dawowa. Daga baya shi aka ba aikin gyara fuskar shafin, launin kore da tsarin rubutun da kuke gani yanzu duk hannunsa ne, kuma har yau in abu ya cije mini shi nake kira.

Abin da ya biyo baya ni kaina ban zata ba. Tsere aka shiga. Ciyaman kan shigo ofis da hantsi da sanarwarsa a baki. Alhaji Jibo ya gane lagonsa, sai ya bari sai bayan la'asar ya bugo wa Madam Comfort waya, don ya kwana a sama. Da Ciyaman ya ga labari na ƙare masa sai ya koma gaisuwar Juma'a da barka da shan ruwan sama, har ma'aji ya taɓa kawo sanarwar cewa ba shi da sanarwa a wannan makon. Dole Malam Shehu ya kafa doka cewa ba a sa magana sai wadda manomi ko mai kifi zai yi wani abu da ita. Wannan doka ita ta tura Ciyaman kasuwa. Mutumin da da sai dai a kawo masa labari, sai ga shi da kansa a layin 'yan shinkafa yana tambayar farashi, yana tare direbobi yana tambayar halin hanya. Alhaji Jibo kuwa ya sa masunta a kowane mashigi suna kawo masa rahoton ruwa. A daminar nan ba a yi ranar da mutanen bakin gulbi suka kwana ba su san inda ruwa ya kai ba. Madam Comfort ta ce ita dai a ƙara mata abin cajin waya.

To, ga abin da na ɗauka daga wannan, kuma shi nake gaya wa duk wanda ya zo tambayata wane tsari zai zaɓa. Kada ka yanke hukunci a ofis. Ɗauki samfurinka ka kai shi inda sabis ya fi muni, ka buɗe da wayar da ta fi kowace tsufa, ka kuma tabbata wanda zai riƙa sa sanarwa zai iya ba sai kana kusa ba. Wannan rabin aikin ne, kuma shi ne mai sauƙin. Ɗaya rabin shi ne ka zauna ka gano wane ne a cikin masu shafin yake jin an danne shi. Mutanenmu ba sa karɓar magana sai sun san bakin da ta fito, manyanmu kuma ba sa son a mai da su baya. Da na ɗauka son girma ne kawai, wani nauyi da ya kamata in sauke daga kan shafi. Yanzu na san in ka samo wa son girman nan aikin yi, ya fi kowane ma'aikaci zuwa aiki da wuri.

A babban taron ƙarshen shekara wani matashi daga Kaoje ya tashi da zafinsa kan wani saɓani na rabon iri, ya ce lokaci ya yi da za su fita su kafa tasu, ai Baba Alhaji ma ya taɓa faɗa. Kowa a zauren ya juya ga Alhaji Jibo. Ya gama tauna goronsa a tsanake sannan ya ce, "Zamna, ɗana. Iri za a gyara rabonai. Amma mutane tun daga Bagudo har bakin iyaka, in sunka tashi da sahe ni suka jira in gaya musu halin ruwa. In mun hita, wa za ni bar ma su?"

Yaron ya zauna, Malam Shehu ya kira batu na gaba.